Sadakar Motar Alfarma: Daga Ƙofar Gidan Ba'amurke Zuwa Kasuwar Kan Iyaka

Duk ɗan kasuwar da ke harkar motocin gwanjo tsakanin Gaya, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Jibiya ya san Lexus RX. Mota ce da ba ta daɗewa a hannun dillali, domin Alhazan birni suna son ta, matan manya suna son ta, kanikawa kuma sun saba da cikinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin waɗannan motoci masu su na can Amurka ko anini ba su karɓa a kansu ba. Kyauta suka miƙa su ga ƙungiyoyin agaji, ƙungiyoyin suka kai su gwanjo, daga gwanjo suka hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome.

Wannan al'ada ta ba da mota sadaka ta daɗe da zama harka mai zaman kanta a Amurka, tana da dokokinta, da dillalanta, da masu ci a cikinta. Sanin yadda take tafiya zai amfani mai sayen irin wannan mota, kuma zai amfani attajirin da ke da niyyar ba gidan marayu ko asibitin garinsu tsohuwar motarsa. A duk inda aka ce dala a nan, dalar Amurka ake nufi, kada a ɗauka dalar kasuwarmu ce ta sefa biyar.

Wace irin mota ce?

A ido, RX jif ce, ko kat-kat kamar yadda ake cewa a Nijar. Amma ƙirarta ta sha bamban da ta Land Cruiser ko Hilux. Su waɗannan an ɗora gangar jikinsu ne a kan wasu manyan ƙarafa biyu irin na babbar mota, shi ya sa suke jure kaya da mugun daji. Ita kuwa RX, jikinta da ƙasanta a haɗe aka ƙera su kamar na ƙaramar mota, sai aka ɗaga ta sama aka faɗaɗa bayanta. Wato dai ruwa-biyu ce: tsayin jif, laushin ƙaramar mota.

Kamfanin Toyota ya fara fito da ita a Japan a ƙarshen 1997 da sunan Harrier, a 1998 kuma ta shiga kasuwar Amurka da sunan Lexus RX 300. Ta samu karɓuwa ƙwarai, har sauran kamfanoni suka biyo sahu: BMW X5 a 1999, Acura MDX a 2000, Infiniti FX a 2003. A shekarar 2003 ɗin aka fito da RX 330, aka kuma fara ƙera ta a garin Cambridge na lardin Ontario a Kanada, wadda ita ce Lexus ta farko da aka ƙera a wajen Japan. A 2005 aka kawo RX 400h mai haɗa fetur da batir, sannan RX 350 ta biyo baya a 2006. Tunda an sayar da su da yawa a waɗannan shekaru, yanzu tsofaffinsu sun cika gari a Amurka, kuma su ne ke gangarowa wajenmu.

Me ke sa mutum ya rabu da ita kyauta?

Babban dalili shi ne tsadar gyara. A Amurka ana biyan bakanike ne a kan awa, kuma garejin da ke gyaran motocin alfarma ya fi kowa tsada. Motar da ta shekara 15, idan giyarta ta lalace ko batirinta babba ya mutu, kuɗin gyaran kan kusa kai darajar motar gaba ɗaya. Mai ita ya je wajen dillalin sababbin motoci don a yi masa musaya, sai a taya ta da wulaƙanci. Ya ce zai sayar da kansa, sai ya yi talla, ya karɓi baƙi a gidansa, ya yi ta ciniki da mutanen da bai sani ba. Ga inshora da kuɗin rajista da ba sa tsayawa ko da motar tana ajiye.

Ana cikin haka sai ya ji talla a rediyo: ka ba mu motarka, ko tana tashi ko ba ta tashi, za mu zo mu ja ta kyauta, kuma za ka samu sassaucin haraji. Akwai kuma waɗanda gado suka ci, tsoho ya rasu ya bar mota, 'ya'yan suna wata jiha mai nisa, kowa na da tasa. Wasu tabbas taimako ne a ransu, sun zaɓi ƙungiyar da ke yaƙi da cutar da ta kashe wani nasu, ko gidan rediyon jama'a da suke saurare. Sau da yawa dalilan duka suna haɗuwa a kan mutum guda.

Yadda ake bayarwa

Mai mota zai buga waya ko ya cika takarda a intanet, ya faɗi ƙirar motar, shekararta, lambar jikinta da tafiyar da ta yi. Cikin 'yan kwanaki motar ja za ta zo ƙofar gidansa. Zai sa hannu a bayan takardar mallaka, ya miƙa makulli, ya karɓi rasit. A jihohi da dama sai ya sanar da ofishin rajistar motoci cewa motar ta bar hannunsa, don kada a yi ɓarna da ita a zo kansa.

Yawancin ƙungiyoyin agaji ba sa ganin motar da idonsu. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: su ne ke yin talla da sunan ƙungiyar, su amsa waya, su aika motar ja, su kai gwanjo, su cire nasu, su tura wa ƙungiyar abin da ya rage. Manyan gidajen gwanjo irin su Copart da IAA, waɗanda 'yan kasuwarmu ke saye a wajensu ta hannun wakilai, suna karɓar motocin sadaka tare da na haɗari da kamfanonin inshora ke kawowa. Wadda ta lalace ƙwarai kuwa sai a sayar wa masu fiɗar mota su cire kayan gyara, sauran ƙarfen a narka.

Binciken 2003 da dokar da ta biyo baya

Sassaucin harajin da ake tallatawa shi ne, gwamnati tana cire darajar sadakar daga cikin kuɗin shigar da za a lissafa wa mutum haraji a kai. Kafin 2005, mai bayarwa ne da kansa ke faɗin darajar motarsa. Sai ya buɗe littafin farashi irin su Kelley Blue Book, ya ɗauki farashin mota lafiyayya ya rubuta, alhali tasa ko tashi ba ta yi.

A watan Nuwamba na 2003, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a kan lamarin. Ya gano cewa a shekarar haraji ta 2000, takardun haraji kimanin 733,000 ne suka nemi sassauci saboda sadakar mota, abin da ya rage wa baitulmali kusan dala miliyan 654. Ofishin ya bi diddigin motoci 54 tun daga hannun masu su har zuwa sayarwa. A cikin kashi biyu bisa uku na waɗannan, abin da ya isa ga ƙungiyar agaji bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da mai motar ya rubuta ba. Ke nan mutum ya ce wa gwamnati ya ba da sadakar dala 2,000, amma abin da ya shiga asusun mabuƙata bai fi dala 100 ba. Ragowar ta narke tsakanin farashin gwanjo mai rauni, kuɗin ja, kuɗin talla da rabon ɗan tsakiya.

Sanata Chuck Grassley na jihar Iowa, wanda a lokacin ke shugabantar kwamitin kuɗi na majalisar dattawa, na cikin waɗanda suka matsa a gyara. Gyaran ya shiga wata babbar dokar haraji da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Oktoba na 2004, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2005. Daga ranar, idan darajar mota ta wuce dala 500 kuma ƙungiya ta sayar da ita, mai bayarwa ba zai rubuta komai ba sai ainihin kuɗin da aka sayar da ita. Dole ƙungiyar ta ba shi shaida a rubuce cikin kwana 30 bayan sayarwa, galibi a kan takardar hukumar haraji mai lamba 1098-C, ta kuma aika wa hukumar irinta. Idan an sayar da motar dala 500 ko ƙasa da haka, yana iya rubuta darajarta ta kasuwa amma kada ta haura 500.

Dokar ta bar ƙofa uku da mutum zai iya rubuta cikakkiyar darajar kasuwa: idan ƙungiyar za ta yi aiki da motar sosai a hidimarta, kamar kai wa tsofaffi abinci, idan za ta yi mata babban gyara da zai ɗaga darajarta, ko kuma idan za ta ba wani mabuƙaci kyauta ko a farashi mai rahusa ƙwarai. A irin wannan hali, idan darajar ta haura dala 5,000, sai an kawo ƙwararren mai ƙiyasi ya rubuta shaida. Nan ne motocin alfarma suka fi shiga, domin su ne kan kai wannan kuɗi ko da sun tsufa. Bayan dokar ta fara aiki, yawan masu neman sassauci da sadakar mota ya ragu ƙwarai, wanda ya nuna abin da ke jan da yawansu tun farko.

Wata dokar ta 2017 ta ƙara rage armashin abin. Ta kusa ninka sassaucin bai-ɗaya da kowa ke samu ba tare da ya lissafa sadakarsa ɗaya bayan ɗaya ba. Tun daga lokacin, kusan mutum tara cikin goma wannan na bai-ɗaya suke ɗauka, su kuwa sadakar mota ba ta rage musu ko sisi a haraji.

Nawa ke isa hannun mabuƙata?

Ga lissafi, a matsayin misali kawai. A ce an ba da RX 350 ta 2008, aka sayar da ita dala 4,000 a gwanjo. Harajin kuɗin shiga na tarayya a Amurka hawa-hawa ne, daga kashi 10 zuwa kashi 37 cikin 100. Idan mai motar yana kan matakin kashi 24, kuma yana cikin masu lissafa sadakarsu, harajinsa zai ragu da dala 960. A ɗaya ɓangaren, a ce kuɗin ja da na gidan gwanjo sun ci dala 400, saura 3,600. Idan yarjejeniyar ƙungiya da kamfanin da ke tsakiya raba-daidai ce, dala 1,800 za ta shiga asusun ƙungiya. Da mutumin ya daure ya sayar da motar da kansa a kan dala 4,000 ɗin, ya miƙa kuɗin, da ƙungiyar ta samu 4,000 cif, shi ma sassaucinsa bai ragu ba. Abin da ya huta da shi na wahalar ciniki, mabuƙata ne suka biya.

Ko bayan kuɗi sun shiga asusu, akwai sauran tambaya: ina suka nufa? A 2017, ofishin babbar lauyar jihar Minnesota ya fitar da rahoto a kan ƙungiyar Kars4Kids, wadda tallarta ta shahara a gidajen rediyon ƙasar. Rahoton ya ce daga 2012 zuwa 2014 ƙungiyar ta tara kimanin dala miliyan 3 daga motocin mutanen jihar, amma abin da ta kashe wa yaran jihar bai kai dala 12,000 ba. Ƙungiyar ta kare kanta da cewa cibiyarta tana arewa maso gabashin ƙasar, can ne yawancin ayyukanta suke. Ko ma dai mene ne, masu bayarwa da yawa sun ɗauka yaran unguwarsu suke taimaka wa. Shi ya sa ake gargaɗin mutane a can su tambayi kashi nawa ke zuwa ga ƙungiya, su kuma duba sunanta a jerin ƙungiyoyin da hukumar haraji ta amince da su, kafin su miƙa makulli.

Masu miƙa mota hannu da hannu

Akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki wata hanya dabam. A garuruwa da yawa na Amurka babu motar haya ta kirki, wanda ba shi da mota da wuya ya riƙe aiki. A 1996 wani mutum mai suna Hal Colston ya kafa Good News Garage a garin Burlington na jihar Vermont, inda ake karɓar motocin sadaka a gyara su a ba iyalai masu ƙaramin ƙarfi. A 1999 aka kafa Vehicles for Change a jihar Maryland, wadda ke gyara motoci ta sayar wa talakawa masu aiki a kan ɗan kuɗi kaɗan, daga baya kuma ta buɗe wajen koya wa waɗanda suka fito daga kurkuku aikin kanikanci.

Ko a irin waɗannan wurare, motar alfarma ba ita ce aka fi so a ɗora wa talaka ba. Matar da ke aikin wanke-wanke a asibiti, Corolla ce za ta fi mata amfani, mai shan mai kaɗan da arhar kayan gyara. A ba ta jif mai injin lita 3.5 da tankin da ke ɗaukar lita kusan 72, an haɗa ta da ɗawainiyar da albashinta ba zai ɗauka ba. Don haka abin da ya fi dacewa da mota mai tsada shi ne a sayar da ita da daraja, a gyara ƙanana biyu ko uku da kuɗin.

Hanyar da take biyowa zuwa wajenmu

Da zarar an buga guduma a gwanjo, sadaka ta ƙare, kasuwanci ya fara. Wanda ya saya zai biya la'adar gidan gwanjo, ya ɗauki hayar tirela zuwa tashar jiragen ruwa kamar Baltimore, Newark, Savannah ko Jacksonville. Dokar kwastan ta Amurka ta ce sai an gabatar da ainihin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin mota ta fita, don toshe hanyar motocin sata. Mai tashi a tuƙa ta zuwa cikin jirgi, marar tashi kuwa galibi sai kwantena.

Wani rahoto na hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kashi 40 cikin 100 daga ciki Afirka suka nufo. Shekara da shekaru Kwatano ce babbar ƙofa, har sunanta ya zama sunan motar gwanjo a bakin Hausawa. Daga tashar sai filayen ajiya na hanyar Seme, sai ayari ya kama hanyar Faraku zuwa Malanbil, ya tsallake gadar kogin Kwara ya shiga Gaya, ya bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni har Maraɗi da Damagaram.

Wannan hanya ta sha girgiza. A watan Janairu na 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta rufe iyakokin nata. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Malanbil, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, kaya da yawa suka koma bin Lome ta cikin Burkina Faso. Kowane ƙarin kwana a hanya da kowane sabon shinge, a kan farashin mota yake sauka. Shi ya sa motar da mai ita ya ba da kyauta don ya huta, take isowa kasuwarmu da farashin miliyoyin sefa.

Abin da mai saye zai duba

Idan dillali ya ce maka wannan ba ta haɗari ba ce, ta sadaka ce, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma hakan bai wanke ta ba. Motar haɗari, ciwonta a fili yake. Ta sadaka kuwa jikinta na iya zama sumul, ciwon yana cikin giya ko inji, domin shi ne tun farko ya sa mai ita ya haƙura da ita. Gidan gwanjo kuma yadda take yake sayar da ita, ba ya ɗaukar alhakin komai.

A fara da lambar jikin mota, mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofarsa. Dole ta zo ɗaya da ta takarda. A RX, idan ta fara da J, ƙirar Japan ce, idan ta fara da 2, ta Kanada ce. Harafi na goma shi ke faɗin shekara: daga 2001 zuwa 2009 lamba ce daga 1 zuwa 9, 2010 kuma A, 2011 B, 2012 C, haka har gaba. Wannan na da muhimmanci yanzu da ake sauya wa mota fitilu da bamba a mai da ta 2010 ta yi kama da ta 2015. Da wannan lamba ana iya sayen tarihin motar a Carfax, sannan hukumar NICB tana da shafin da ake duba ko an taɓa kai rahoton satarta ko an yanke cewa ta lalace, kyauta. Wani lokaci har hotunanta na ranar gwanjo ana samu a intanet.

Agogon tafiyar motar Amurka da mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne da ɗoriya. Wadda ta nuna 150,000 ta yi tafiyar kilomita 241,000 ke nan. A leƙa ƙarƙashinta, domin a jihohin arewa ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe da bututun birki. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a sansana, a duba laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru, domin ambaliya irin ta guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017 ta jiƙa dubban ɗaruruwan motoci, kuma ruwa kan bar ciwo a cikin wayoyi da ba ya fitowa sai bayan watanni.

Kowace ƙira kuma tana da nata halin. RX 300 da RX 330 bel ne ke juya injinsu, yana da wa'adin canji, ita kuwa RX 350 sarƙa ce. Injin RX 300 ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai idan ba a yin juye a kan lokaci, sai a buɗe murfin mai a haska ciki. Waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2009 allon gabansu kan tsattsage ko ya yi danƙo a zafin rana, abin da zafin Sahel ke ƙara tsanantawa. Mai batir babba kuwa, a sa bakaniken da ke da na'urar gwaji ya auna batirin kafin a biya ko sisi.

Idan attajirinmu zai ba da tasa

A nan gida, mai ba da mota lada yake nema, kuma abin yabo ne. Sai dai darasin Amurka ya shafe shi: nauyin sadaka shi ne abin da ya isa ga mabuƙaci. An sha ganin babbar jif da wani bawan Allah ya ba makaranta ko gidan marayu, aka yi taro aka yi addu'a, bayan shekara guda tana tsaye a gindin bedi taya a sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta, saboda babu kuɗin mai, babu na kayan gyara. Wata kuma sai shugaban ƙungiya ya mai da ita motar gidansa, zance ya bazu a gari, mai bayarwa ya ji ba daɗi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi masu wurin abin da suke buƙata kafin a yanke shawara. Asibitin ƙauye da ke kai mata masu naƙuda birni ya fi son mota mai dogon baya da za a shimfiɗa marar lafiya, wadda kowane bakanike a kan hanya zai iya taɓawa. Makarantar marayu ta fi buƙatar bas ko kuɗin hatsi. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin farashi da masu saye, saboda haka shi ya fi cancanta ya sayar da motar da hannunsa a kan darajarta, ya sayi abin da ake buƙata ko ya miƙa kuɗin a gaban shaidu. Idan ya bar wa malamin makaranta ko ma'aikacin jinya cinikin, dillalai za su taya ta a banza.

Idan kuwa motar ce za a bayar, a gyara ta tukuna, a faɗi aibinta, domin malamai sun daɗe suna gargaɗi a kan zaɓo abin da mutum ya ƙi ya mai da shi sadaka. A tabbatar an biya mata kuɗin duwan cikakke, domin motar da aka shigo da ita da takardar wucewa aka sauke ta a hanya, ranar da aka kama ta gidan marayun ne zai shiga uku. A mayar da takardar mallaka da sunan ƙungiyar, kada a bar ta da sunan mai bayarwa ko na shugaba, a sabunta inshora. A rubuta aikin da aka ba da ita don shi, da wanda zai tuƙa, da inda kuɗin mai da na juye za su fito, da abin da za a yi da kuɗinta ranar da ta gaji aka sayar. Mai hali ya haɗa da kuɗin hidimar shekara guda.

Ta fuskar addini, motar hawa ba a fitar mata da zakka, amma motocin da ke filin ɗan kasuwa don sayarwa dukiyar kasuwanci ce, ana ƙiyasta su a fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan sharuɗɗa sun cika. Kyautar tsohuwar mota babinta dabam ne, kada a haɗa lissafin ba tare da an zauna da malami ba. Mazhabar Malikiyya ta yarda a yi waƙafi da abin da ake iya ɗauka, har da abin hawa. Nijar ta yi dokar waƙafi a 2019, jihohi irin su Sakkwato da Zamfara kuma suna da hukumomin zakka da waƙafi, waɗanda za a iya rubuta irin wannan kyauta a gabansu don kada magada ko shugabannin ƙungiya su yi jayayya a kanta daga baya.

Amurkawa sai da suka yi bincike da doka kafin suka tilasta a riƙa rubuta ainihin kuɗin da motar sadaka ta kawo. Ɗan kasuwar kan iyaka ya riga ya iya wannan lissafi, kullum yana yin sa a kan buhu da kwantena. Kafin ya miƙa makulli, ya zauna ya lissafa abin da motar za ta ci wa waɗanda zai ba a wata, da abin da za ta yi musu, sannan ya zaɓi wanda ya fi tsakanin ba da ita da ba da kuɗinta.